VAB: motar sulken da nakiya ta raba da kogi

Duk wanda ya yi fatauci tsakanin Yamai, Tillaberi da Gawo a shekarun baya, ya sha kauce wa ayarin sojan Faransa a kan hanya. A cikin ayarin akan ga wata mota mai ƙafa huɗu, mai ƙirar akwati, gabanta a karkace kamar bakin kwalekwale. Sunanta VAB, kuma da yawa daga cikinmu ba mu san cewa tun asali an ƙera ta ne domin ta yi iyo a ruwa ba.

Kamfanin Saviem, wanda daga baya ya shige cikin Renault, shi ne ya fitar da ita, sojan Faransa kuma suka fara aiki da ita a shekarar 1976. A wancan zamani fargabarsu ita ce yaƙi da Tarayyar Sobiyet a ƙasar Turai, inda koguna suke da yawa, kuma abokin gaba kan fara da karya gada. Don haka suka nemi motar da za ta ɗauki soja 10, ban da direba da shugaban mota, ta yi gudun kilomita 90 a awa bisa kwalta, in ta iske kogi ta faɗa ciki ba tare da jiran kowa ba.

To ƙaƙa ƙarfe mai nauyin ton 13 yake tsayawa bisa ruwa? Sirrin ɗaya ne da na jirgin da ke ɗauko kabewa a kogin Isa. Jikinta a liƙe yake ruf, cikinta kuma fili ne mai iska, shi ya sa ruwa ke ɗauke ta. Kafin ta shiga, ana ɗaga wani faifan ƙarfe a gabanta don kada ruwa ya hau kanta, a tada famfon da ke kwashe wanda ya yoyo ciki, sannan wasu na'urori biyu da ke bayanta su riƙa tunkuɗa ruwa suna tura ta. Cikin ruwa ba ta wuce kamar kilomita 7 a awa. An ƙera kusan 5,000, ta je Labanon, ta je yaƙin tekun Fasha na 1991, ta je Afganistan, ta zo Mali a Janairun 2013.

Amma a waɗannan wurare na baya-bayan nan, ba kogi ne ya tare ta ba. Sulkenta an yi shi ne don harsashin bindiga da ɓaraguzan bam, ga shi kuma abin da ke jiran ta nakiya ce da aka binne a ƙarƙashin hanya. Sai aka shiga ƙara mata ƙarfe a ciki da gefe. Duk mai sana'ar kwalekwale ya san abin da ke biyo baya in lodi ya wuce ƙa'ida. Samfurinta na ƙarshe da ake kira Ultima ya daina shiga ruwa, haka ma Griffon da ta fara maye gurbinta a 2019, mai nauyin fiye da ton 24, ba ta iyo ko kaɗan. An sayar da iyo, an sayi sulke.

A nan ne zancen ya shafe mu. Nakiyar da ta sa babbar ƙasa kamar Faransa ta sake ƙirar motocinta ba ta bambanta motar soja da ta ƴan kasuwa. Ba mu manta ba, a watan Disamba na 2007, lokacin tawayen arewa, nakiyoyi sun tashi a cikin garin Maradi da na Tawa sun kashe farar hula, a Janairun 2008 kuma wata ta kashe ɗan jarida a Yamai. Soja yana da ƙarfe a ƙarƙashinsa. Mai buhun albasa daga Galmi, da mai ɗaurin atamfa da ta hau motar kasuwar ƙauye tun da asuba, ba su da komi sai katako da addu'a.

Sojan Faransa na ƙarshe sun bar Nijar a watan Disamba na 2023, amma haɗarin hanya bai tafi tare da su ba. Saboda haka muna kira ga direbobi da fatake: a yankin da ake fama da rashin tsaro kada a saki hanyar da jama'a ke bi don neman yanke, a tambayi mutanen gari kafin a tashi, kada a manne wa ayarin soja a baya domin shi ake hari. In an ga sabon tono ko waya a kan hanya, kada a taɓa, a sanar da jandarma mafi kusa. Ciniki in ya wuce yau gobe yana nan. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.