Dodon da ba ya sallama: Abin da 'yan gem ke jira daga The Elder Scrolls VI

Tun watan Yunin 2018 kamfanin Bethesda na Amurka ya sanar da cewa yana shirya wasan The Elder Scrolls VI. Bidiyon sanarwar bai kai minti ɗaya ba, kuma duwatsu da gaɓar teku kawai aka nuna. Duk da haka, wani abin da masu jiransa ke tattaunawa shi ne dodanni masu fukafukai da feshin wuta, waɗanda Turawa ke kira diragon.

Dalilin yana cikin Skyrim, kashi na biyar na wasan, wanda ya fito ranar 11 ga Nuwamban 2011, shekarar da Tibiri ta zama gunduma bayan an cire ta daga Dogon Dutsi. Jagoran wasan, Todd Howard, ya ce a 2023 an sayar da kwafi sama da miliyan 60.

A Skyrim, da zarar ɗan wasa ya kashe dodon farko kusa da birnin Whiterun, sai a saki sauran. Daga nan babu lokaci, babu wuri. Kana tafiya a daji ko kana ciniki a ƙauye, sai ka ji ruri daga sama, inuwa ta gilma. Wani lokaci dodon kan hallaka maƙerin da kake sayen makami a wurinsa, ka rasa shi har ƙarshen wasa.

Bahaushe ya san Dodo tun daga tatsuniya, ya kuma san macijin rijiyar Kusugu ta Daura da Bayajidda ya kashe. Sai dai shi wannan maciji yana da ƙa'ida: ranar Juma'a yake barin a ɗebi ruwa. Na Skyrim ba shi da rana, kuma nan daɗin yake.

Nan kuma matsalar take. Idan ɗan wasa ya yi ƙarfi, dodon da a da ke sa gabansa faɗuwa sai ya koma mai ɓata masa lokaci kawai. Kamfanin Capcom na Japan ya gwada wata dabara a Dragon's Dogma 2 da ya fito a Maris ɗin 2024, inda manyan halittu kan far wa amalanken shanu a tsakiyar hanya su farfasa shi, matafiyi ya ƙarasa da ƙafa. Ba-zata mai barin asara ita ce ba ta gundura.

Ga matashin Tibiri ko Dogon Dutsi, akwai wata tambayar: a kan wace na'ura? Microsoft ya sayi kamfanin da ya mallaki Bethesda kan dala biliyan 7.5 a 2021, kuma takardun da suka fito a wata shari'a a Amurka a 2023 sun nuna Xbox da kwamfuta aka tsara wa wasan. Shagunan gem na ƙasar Hausa kuwa PlayStation suka fi ajiyewa, galibi don wasan ƙwallo. Ga tsadar data, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas, kamar yadda aka gani a Agustan 2023 lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar wuta.

Don haka wanda zai aiko wa ƙaninsa na'ura daga ƙetare saboda wannan wasa, gara ya dakata har Bethesda ya fayyace inda zai fito. Kafin nan, tsohon Skyrim na tafiya a kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi, kuma bayan an saka shi ba ya buƙatar intanet.