Littafi Ya Koma Kunne a Birnin Katsina

Da wuya a tashi daga taron ƙaddamar da littafi ko na yaye ɗalibai a Katsina ba a sami wani dattijo ya miƙe ya koka cewa mutanenmu sun daina karatu ba. Yana da hujja. Teburan masu sayar da littattafan Hausa sun ragu a bakin kasuwa, masu ba da hayar littafi a cikin unguwanni sun watse, kuɗin takarda kuma ya sa marubuta da dama sun haƙura da zuwa maɗaba'a. Sai dai wanda ya zaga gari yana kasa kunne zai ji wani abu daban. Leƙa shagon tela a wajen Ƙofar Marusa ko Ƙofar Ƙaura: keke na ta aiki, waya na jingine da gwangwanin allurai, wata murya na karanta babi na talatin da wani abu na wani dogon labari. Shiga cikin gida, uwargida na yanka alayyafo, ta jefa wayarta cikin kwanon silba don ƙarar ta fito sosai. In yaro ya shigo da surutu sai ta ɗaga masa hannu, don an zo wurin da kishiya za ta tona asiri. Haka mai gadi da dare, haka direban da ya ɗauki hanyar Jibiya. Waɗannan mutane suna cinye littattafai masu ɗaruruwan shafuka, ba tare da sun buɗe shafi ko ɗaya ba.

Masu kukan nan sukan ɗauki wannan a matsayin lalaci da waya ta kawo. A ganina tarihin garin bai goyi bayansu ba. Katsina gari ne na ilimi tun zamanin da aka gina Gobarau, garin Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani, amma ta wace hanya ilimin ya riƙa isa ga jama'a? Ta kunne. A karatun zaure, ɗalibi ɗaya ne ke riƙe da Ahalari ko Iziyya ko Risala yana jan baƙi, malam yana fassarawa yana warware ma'ana, sauran mutum goma ko ashirin suna zaune suna ji. Da yawansu ba su taɓa mallakar littafin ba, amma sun san abin da ke cikinsa ƙwarai. Haka tafsirin azumi yake har gobe, da mai jan baƙi da mai fassara. Da rediyo ya zo sai ya faɗaɗa zauren: tun ƙarshen shekarun 1960 Rediyon Kaduna ke watsa karatun Sheikh Abubakar Gumi, daga baya kaset ya ɗauka, sannan faifai, yanzu kuma memori. In ana lissafin littattafan da Katsinawa suka fi saurare, na addini ne a kan gaba nesa ba kusa ba, kuma babu wanda ya taɓa cewa mai sauraron karatun Ashafa malalaci ne.

Ko littafin boko ma da murya aka gina shi. A gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya a 1933, biyu daga cikin littattafai biyar da suka fito, a Katsina aka rubuta su, kuma wa da ƙane ne suka rubuta: Malam Bello Kagara, malami a Kwalejin Katsina, ya yi Ganɗoki, Abubakar Imam kuma, yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya yi Ruwan Bagaja. Dubi yadda Imam ya tsara aikinsa. A Ruwan Bagaja mutum ne ya zauna yana ba da labarin yawonsa da bakinsa. A Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, aku ne ke ba ɗan sarki labari dare bayan dare don ya hana shi fita. Imam ya san cewa a lokacinsa mai iya boko ɗaya ne zai karanta wa mutane da yawa, sai ya rubuta jimlolin da suke da daɗi a baki. Da ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, haka jaridar ta riƙa yawo: mutum ɗaya ya saya da kwabonsa, 'yan majalisa su kewaye shi.

Zamanin littattafan soyayya, daga ƙarshen shekarun 1980, shi ne lokacin da karatu da ido ya fi bunƙasa a tsakanin mata da 'yan mata. Jihar Katsina ta ba da nata gudummawar. Kafin guguwar ma Sulaiman Ibrahim Katsina ya fitar da Mallakin Zuciyata da Turmin Danya, daga baya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta zama ɗaya daga cikin marubutan da aka fi karantawa a ƙasar Hausa, kuma Farfesa Ibrahim Malumfashi ne ya fi kowa sukar wannan adabi da ya kira na kasuwar Kano. Duk da haka rediyo bai saki littafi ba. Shirye-shirye irin su Shafa Labari Shuni na Rediyon Kaduna da Rai Dangin Goro na Ahmad Isa Koko sun riƙa karanta littattafai kashi-kashi, mata na gaggawar gama aiki kafin lokacin ya yi. BBC Hausa ma, tun da ta fara gasar Hikayata ta mata a 2016, takan karanta zaɓaɓɓun labarai a rediyo.

Abin da waya ta sauya shi ne lokaci. A da sai ka jira ranar shiri da sa'arsa, in ka makara ya wuce ka. Yanzu littafin na aljihunka. Akwai tashoshi barkatai a YouTube da ba su da aiki sai karanta littattafan Hausa, wani labarin ya kai awa goma ko fiye. Wanda ba shi da kuɗin data, musamman tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a farkon 2025, sai ya kai memorinsa shagon masu tura waƙoƙi da finafinai a cika masa, ko ƙawa ta tura wa ƙawa ta Xender. Ƙaramar waya mai maɓallai ta isa, cajinta kuma yakan kwana biyu. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar a watan Satumba na 2021 saboda matsalar 'yan bindiga, har da Funtuwa da Malumfashi da Jibiya, duk abin da ke buƙatar intanet ya tsaya na watanni. Rediyo da memori ba su tsaya ba.

A ƙasashen Turawa kuwa makafi aka fara yi wa littafin sauraro. Thomas Edison, da ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya a 1877, ya ambaci karanta wa makafi littafi a cikin amfanin da yake hango mata. A shekarun 1930 aka fara ɗaukar littattafai a faifan garmaho a Amurka da Ingila saboda makafi, ciki har da sojojin da suka rasa idanunsu a yaƙi. Sai daga baya masu ido suka gano daɗinsa, har ya zama babbar kasuwa: an kafa kamfanin Audible a 1995, Amazon ya saye shi a 2008.

To, wanda ya saurari littafi ya karanta shi ke nan? Masana sun bincika. A 2019 Fatma Deniz da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka sa mutum tara cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka saurari wasu labarai, suka kuma karanta labaran da ido. Da aka kwatanta, sassan ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ma'ana kusan iri ɗaya suka yi aiki a hanyoyin biyu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Karatu aiki biyu ne a haɗe: mayar da haruffa su zama kalmomi, sannan fahimtar abin da kalmomin ke nufi. Na biyun ɗan Adam ya daɗe yana yin sa kafin a san rubutu, kuma shi ne mai sauraro ke yi. Murya har ƙari take yi, don tana nuna inda ake zolaya da inda ake fushi.

Ga Hausa wannan ƙarin ya fi girma. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka kalmomi da yawa rubutunsu ɗaya amma furucinsu da ma'anarsu daban, sai mai karatu ya cike gurbin da kansa. Ga kuma yadda ake rubuta labaran yanzu a kan waya: babu haruffa masu lanƙwasa, babu waƙafi, an gutsuttsure kalmomi, an cusa Turanci. Mai karatun da ya ƙware yakan gyara duk wannan da bakinsa, har labarin ya fi daɗi a kunne fiye da yadda marubuciyar ta bar shi. Wanda bai ƙware ba kuwa, ka ji yana tuntuɓe yana maimaita layi, dole ka kashe.

Amma a lura, wancan bincike labarai aka gwada da su, kuma mutanen duk sun iya karatu sosai. A 2010 wasu masana biyu, David Daniel da William Woody, sun raba ɗalibai gida biyu, wasu suka karanta darasi a takarda, wasu suka saurare shi. Da aka yi jarrabawa masu sauraro ne suka zo baya. Ido yana da dabarar da kunne ba shi da ita: yakan koma baya ba tare da mai shi ya sani ba, yakan tsaya a jimla mai wuya, yakan ga inda sakin layi ya ƙare ya huta. Murya kuwa tafiya take, ko ka gane ko ba ka gane ba. Ido ya kuma fi sauri. A Turanci an auna mai karatu a zuci yana cin kalma kimanin 240 a minti, mai karanta littafin sauraro kuma wajen 150 zuwa 160. Sannan yawancin masu sauraro wani aikin suke yi. Telan nan zai bi labarin soyayya lafiya lau yana ɗinki, amma ba zai koyi rabon gado a haka ba. Malaman zaure sun san wannan tuntuni, shi ya sa ɗalibi na gaskiya ke zuwa da littafinsa, yana ji yana bin layi da yatsa.

Inda abin ke ba ni tsoro shi ne wajen yara. Babbar mace da aka cire daga makaranta tana aji uku, odiyo ya buɗe mata ƙofar da aka rufe mata, babu abin da za a ce sai madalla. Amma yarinya 'yar shekara tara da ba ta gama haɗa baƙi da wasali ba, in ta saba samun labari a sauƙaƙe, me zai sa ta sha wahalar koyon aikin farko? Kuma wannan aikin ba ya zuwa da kansa, sai an koyar, sai an maimaita. Takardar asibiti, saƙon banki da takardar jarrabawa ba wanda zai karanta mata su a memori. Littattafan soyayya na da, duk da zagin da suka sha, sun koya wa dubban 'yan mata karatun Hausa a ɓoye, ƙarƙashin filo. Odiyo ba zai yi wannan aikin ba, sai fa in an haɗa shi da rubutun a gaban yaro yana ji yana gani.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a cika son tayar da ita ba. A da, in an karanta littafi a rediyo talla ce: a ji kashi na ɗaya, a ruga kasuwa neman na biyu. Yanzu marubuciya na rubutu a wayarta, ta saki shafukan farko kyauta a WhatsApp, wanda ke son ci gaba ya tura 'yan ɗaruruwan naira a sa shi a zauren masu biya. Kafin ta farga wani ya fitar da labarin, wani ya karanta shi ya ɗora a YouTube yana karɓar kuɗin talla, mai shago ya tura wa mutum ɗari. Akwai masu tashoshin da ke neman izini su biya, a yaba musu. Da yawa kuwa ko sallama ba sa yi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta hana ɗaukar aikin wani a watsa ba da yardarsa ba, amma matar aure da ke rubutu da sunan aro daga ɗakinta a Sabuwar Unguwa, wa za ta kai ƙara, da wane kuɗi?

Abin da ake ɗauka ɗin ma bai da faɗi. In ka cire karatun malamai, saura kusan duk soyayya ne da rikicin kishiyoyi da labaran aljanu. Ba laifi ba ne, amma masu sauraron nan za su ɗauki fiye da haka in an ba su. Ga littafin Dakta Yusufu Bala Usman kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda ya fito da Turanci a 1981: da za a mayar da shi Hausa mai sauƙi a karanta shi babi-babi, da ya sami masu ji a garin fiye da duk waɗanda suka taɓa buɗe shi. Ga Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wasa ne wanda da ma don baki aka rubuta shi. Aikin ba ya buƙatar wani babban jari: ɗaki marar hayaniya, makirfo mai kyau, da mai karatun da ya san inda ake tsayawa. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya suna da ɗaliban Hausa da za su iya, gidan rediyon jiha na da ɗakunan ɗaukar murya, hukumar ɗakunan karatu kuma na iya zama wurin da mutum zai kai memorinsa a zuba masa.

Ta fuskar doka hanyar a buɗe take ta gefe ɗaya. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Marakesh ta sauƙaƙa wa makafi samun littattafai a 2017, dokar 2022 kuma ta ba da damar a mayar da littafi zuwa murya saboda makafi ba tare da jiran izinin mai shi ba, don haka ɗaliban makarantar makafi ta Katsina za a iya fara yi wa tun yanzu. Na sauran jama'a kuwa sai an nemi marubuta ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin littattafan Imam da Bello Kagara kuma sai an je Zariya an zauna da kamfanin ɗab'i na NNPC an yi ciniki.