3.2 Tantance Kaskar Ƙasa ta Hanyar Siffar Jikinta

Kaskar ƙasa suna ne da wannan nazari ya ba wasu ƙananan halittu da ke zaune cikin turɓaya da ruɓaɓɓen ganye, dangin kaskar da ke kama shanu da kuma gizo-gizo da kunama. Yawancinsu ba su kai milimita 1 ba. Babbar da aka fi sani a ƙasar Hausa ita ce jar nan mai laushi kamar karammiski, wadda ke fitowa bayan ruwan farko na damina. Launi da girma kan yaudari mai nazari, don haka masana suka dogara ga gaɓoɓin jiki wajen rarrabe su.

3.2.1 Fitar da Su daga Ƙasa

A shekarar 1905 Antonio Berlese, mutumin Italiya, ya ƙirƙiro wani mazurari domin wannan aiki, sannan Albert Tullgren na Suwidin ya gyara shi a 1918. Ana zuba ƙasa a kan rariya a bakin mazurarin, a kunna ƙwan lantarki a sama. Zafi da bushewa sai su kora halittun ƙasa-ƙasa har su faɗa cikin kwalba mai ruwan alkohol. Daga nan a jiƙa su cikin sinadarin laktik domin jikinsu ya yi garau, a ɗora a kan gilashi, a duba da madubin ƙara girma.

3.2.2 Alamomin Farko

Abin da ake fara ƙirgawa shi ne ƙafafu. Baligar kaska tana da ƙafa 8, ƙwaro kuwa 6 gare shi. Sai dai ɗanta yakan fito daga ƙwai da ƙafa 6, saboda haka dole a duba wasu alamomi. Kaska ba ta da fiffike, ba ta da ƙahonin sunsuna, kuma jikinta dunƙule yake, in ban da ɗan sashen baki a gaba.

3.2.3 Ƙofar Numfashi

Wurin da ƙofar numfashi take shi ne ya raba su gida huɗu:

(a) Masu ƙofa a gefe, wato Mesostigmata. Ƙofar tana kusa da gindin ƙafa ta uku da ta huɗu. Akasarinsu mafarauta ne masu cin ƙananan tsutsotsi.

(b) Masu ƙofa a gaba, wato Prostigmata. Tasu tana daura da gindin baki, kuma jikinsu yakan yi taushi. Jar damina a nan take.

(c) Masu ɓoyayyar ƙofa, wato Oribatida. Ƙofar ta ɓuya a gindin ƙafafu. Jikinsu na da ɓawo mai tauri, kuma abincinsu ruɓaɓɓen ganye ne da funfuna.

(d) Marasa ƙofa, wato Astigmata, masu numfashi ta fata. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa reshe ne na Oribatida.

3.2.4 Daga Gida zuwa Iri

Sanin gida bai wadatar ba, domin Oribatida kaɗai an bayyana irinsu sama da 10,000. A nan ne gashin jiki ya zama shaida. Masanin Faransa François Grandjean ya tsara yadda ake ba kowane gashi suna gwargwadon mazauninsa. Ana ƙirga gashin da ke kan murfin al'aura da na dubura, a duba ko farcen ƙafa ɗaya ne ko uku. Akwai kuma wani gashin ji guda biyu a bayan kai, wanda kan zo da siffar zare, ko kulki, ko mataji. Dangin Galumna suna da fatun gefe masu kama da fiffike da ke rufe ƙafafu, wasu kuma sukan naɗe jikinsu kamar akwati idan aka taɓa su.

Wannan ƙirga tana da amfani ga makiyayi. A 1937 Horace Stunkard ya gano cewa tsilar Moniezia, mai kama hanjin tumaki da awaki da shanu, tana girma ne a cikin jikin Oribatida kafin dabba ta haɗiye ta tare da ciyawa. Ke nan wanda ya kasa bambance irin da ke ɗauke da tsila da mafarauciya ba zai iya faɗin haɗarin da ke cikin makiyaya ba. Ko da yake yanzu ana amfani da gwajin ƙwayoyin gado, siffar jiki ce ke ba sakamakon gwajin suna. Sashe na gaba zai duba yadda damina da rani ke sauya yawansu.