Shamuwa, Baƙuwar da Ba a Jifa

Ƙarshen bazara a Adar lokaci ne na duban sama. Hatsin rumbu ya yi ƙasa, rijiyoyin kwarin Majiya sun ja, duwatsun da suka kewaye Buza suna amayar da zafin rana har bayan isha'i. Mai ƙarfin hali ya riga ya yi bizne, ya zuba irinsa cikin busasshiyar ƙasa ya bar wa Allah. A irin waɗannan kwanaki, galibi cikin watan Mayu, za a wayi gari a tarar da baƙaƙen tsuntsaye uku ko huɗu tsaye a ƙololuwar tsamiyar ƙofar fada ko gawon bayan masallaci, sun yi tsit suna gyaran gashi. Yara ke fara gani. Kafin hantsi labari ya gama gari, daga majalisar dattawa har wurin masu daka: shamuwa ta zo.

Ba wata babbar tsuntsuwa ba ce. Cikin danginta masu dogon baki da dogayen ƙafafu ita ce ƙarama, tsawonta bai cika wuce santimita 80 ba, nauyinta kuwa kilo ɗaya da ɗan wani abu. Daga nesa baƙa ce, cikinta da ƙugunta farare. Sai ka matso, rana ta doki bayanta, sannan ka ga baƙin yana walƙiyar kore da shunayya. Lokacin ƙwai fatar fuskarta takan yi shuɗi, da ɗan ja a gaban ido. Ƙafafunta ruwan toka ne, gwiwa da yatsu jajaye, amma sau da yawa za ka gan su fari fat, domin idan zafi ya tsananta a kansu take kashi, danshin ya bushe ya tafi da zafin jikinta. Dabara ce ta tsuntsuwar da ke tsaye a kan sheƙa tsakar ranar Madawa, ba inuwa, tana tare wa ƙwanta rana da jikinta.

Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Gidan su shamuwa ba su gaji kuka ba. Idan namiji ya sauka a sheƙa, shi da macen sukan sunkuyar da kai, su buɗe fiffike, su kaɗa baki ƙwas-ƙwas, da wani siririn fito da ba ya nisa. Iyakar muryarta ke nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki a halinta shi ne inda take zaɓen zama. Daji na nan, duwatsu na nan, amma sai ta tsallake su ta shigo tsakiyar gari. Kuka, tsamiya, gawo, dogon yaro, wani lokaci kan rumbu ko kan soro, nan take tara ƙirare ta yi faffaɗar sheƙa, kuma itace ɗaya yakan ɗauki sheƙa da yawa. Ƙwai biyu ko uku take yi, mace da namiji su yi ta karɓa-karɓar kwanci kamar wata guda, 'ya'yan kuma su yi kusan wata biyu kafin su tashi. Duk tsawon wannan lokaci tana bisa kan mutane, ana daka ƙarƙashinta, jakuna na kuka, yara na guje-guje. Yaron da ba ya barin kurciya ko buwa ta wuce bai ɗaga danƙonsa ba, idan ya zo gindin itacen shamuwa sai ya mayar da shi aljihu. Ba a cin namanta, ba a taɓa ƙwanta. Tsohuwa za ta ce wa jikanta, «Kai, ɗan nan, kul! Ba a jifar shamuwa», kuma ba ta bukatar ƙara bayani. Gidan da ta yi sheƙa a cikinsa ana yi masa kallon gidan da alheri ya sauka. Zaman da ita ba ya rasa wahala: kashinta yana ɓata tsakar gida, ragowar kwaɗi da fara suna faɗowa su yi wari, inuwar da aka saba shimfiɗa tabarma ta gagari zama har kaka. Maigida yakan ja tabarmarsa gefe. Baƙonka annabinka.

Ita ma ta san abin da take samu. A tsakiyar gari, dabbobin dawa masu hawa itace su sha ƙwai ba su cika kusantowa ba, gonaki kuma suna kewaye da garin, ga tabki ko fadama kusa. Amana ce ta zamani mai tsawo, wadda ba wanda ya rubuta, kuma har yau ba dokar gandun daji ce ke riƙe da ita ba, tarbiyyar gida ce.

Shin ita ke kawo ruwa? Da yawa cikin mutanenmu haka suka taso suna ji. Abin da yake tabbas shi ne ruwan take bi. Kowace shekara iska mai laima tana tasowa daga tekun kudu tana tura busasshiyar iskar hamada arewa, hadari yana biye da ita, ciyawa ta tsiro a bayansa, ƙwayayen fara da suka kwana cikin ƙasa tun bara su ƙyanƙyashe. Shamuwa tana tafe a goshin wannan iska. Takan iso kafin ruwan shuka domin ta gama gini da kwanci, ƙyanƙyasar 'ya'yanta ta dace da lokacin da abinci ya yawaita. Saboda haka manomin da ya gan ta ya ce a gyara iri bai yi kuskure ba, ko da yake wata shekara takan zo ruwa ya yi jinkiri, a ƙasar da rabonta na shekara bai fi milimita 300 zuwa 500 ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma a kan shamuwa maganar ba ta bukatar fassara. Guguwar farkon damina ta Adar, mai tasowa daga gabas da jar ƙura, takan watsa sheƙa ta zubo da ƙwai, mamakon Agusta kuma a kanta yake ƙarewa tana rufe da 'ya'yanta.

Idan gero ya nuna, wajen Satumba zuwa Oktoba, sai ka ga sun bar gari sun taru garke-garke a saura da bakin tabki suna kiwo. Wata rana da hantsi, ƙasa ta yi zafi, su hau iska suna kewayawa ba tare da kaɗa fiffike ba, su yi ta yin sama har ido ya gaza. An daɗe ana tambayar inda suke zuwa. A farkon shekarun 2000 wasu masana daga Danmak suka ɗaura wa wasu shamuwoyin Nijar 'yan na'urori masu magana da tauraron ɗan'adam, suka bi sawunsu har Tanzaniya, tafiyar da ta haura kilomita 3,000. Wasu na zarcewa Zambiya, Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, inda damina ke sauka lokacin da mu muke cikin ɗari. A shekara damina biyu take ci, rani kuwa ba ta san shi ba.

Ba'adare ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan irin wannan rayuwa. Da an ɗaure dammuna an cika rumbu, samarin Tamaske da Garhanga da Alakai sukan ɗauki jaka su tafi bida, wasu Abijan, wasu Legas ko Kwatano, wasu Libiya. Gari ya koma na mata da yara da tsofaffi. Sai bazara ta ja, motoci su fara sauke su da buhunan tsaraba, kusan tare da shamuwa. Su da ita duk 'yan cin rani ne, kuma duk inda suka kai, a nan gidan yake, domin shamuwa ba ta yin ƙwai a kudancin Afirka. Daga Senegal zuwa Habasha, har can Yaman, galibi a wannan ɗamarar ƙasa mai gajeriyar damina take haihuwa.

Tana tafiya ɗan'uwanta yana isowa. Galantoyi, fari mai baƙin fiffike da jan baki, ya fi ta girma nesa ba kusa ba, shi kuma a Turai yake sheƙa, kan rufin gidaje, inda mutanen can ke girmama shi kamar yadda muke girmama tamu. Tafiyarsa irin tata ce, hawan iskar zafi da ke tasowa daga ƙasa. Teku ba ta tayar da irin wannan iska, shi ya sa ba ya yarda ya ratsa tsakiyar Bahar Rum. Sai ya kewaya ta mashigin Jibralta, inda ruwan bai fi faɗin kilomita 14 ba, ko ta Istambul ya biyo gabas. Turawa sun daɗe ba su san inda yake ɓacewa da sanyi ba. A shekarar 1822 aka harbo wani a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyansa, ya yi tafiyar nan duka da shi, kuma har yau yana ajiye a jami'ar Rostok. Mashin yana faɗin wani abu game da mu: alfarmar da muka yi wa shamuwa ba mu yi wa galantoyi ita ba. Shi a dawa yake sauka, ba ya kwana gidan kowa, sai aka ɗauke shi nama.

A ƙasashen bakin teku akwai masu biyan kuɗi su shiga jirgin ruwa su yi nisa da gaɓa, su yini igiyar ruwa na jijjiga su, don kawai su ga tsuntsayen da ba su taka ƙasa sai za su yi ƙwai. Wanda ke son ɗanɗana irin wannan kallo a jihar Tawa, ya je Tabalak da sanyi, kan hanyar Agadas, ya roƙi masunta su ɗauke shi a kwalekwale da sassafe. Zai ga kirinjijiya tana tashi da fito, dinya a tsibiri, zalɓe tsaye cikin ruwa bai ko motsi, belbela ci da motsin wani tana bin shanu a gaɓa, da agwagin da suka tsallako hamada daga Turai. Akwai ma wasu ƙanana masu tsinin fiffike, dangin tsuntsayen teku, suna shawagi suna tsintar abinci a fuskar ruwa. Saboda irin waɗannan baƙi aka sa tabkin Tabalak da na Ɗan Dutsi cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare wuraren ruwa a 2005. Madatsun ruwa irin na Ibohaman da tabkin Keita su ma suna samun rabonsu. Amma mai kwalekwalen nan ba zai nuna maka shamuwa ba, tana can bayan tafkin Biktoriya.

Abincinta ne ya sa take da muhimmanci fiye da yadda muke zato. Takan ci kwaɗi, ƙadangaru, ɓeraye ƙanana da tsutsar da ke cin ganye, amma fara ce cimarta. Tana tafe a hankali cikin ciyawa, kai a sunkuye, ta cafke wannan ta haɗiye, ta cafke waccan, tun safe har zafi ya kore ta. Masanan Danmak ɗin nan sun bi garkunanta a kudu maso gabashin Nijar, suka ga yadda suke taruwa inda ƙaramar farar nan mai cin gero ta yi yawa. Wanda ya ga shekarar 2004, lokacin da farar dango ta faɗo kuma ruwa ya ɗauke da wuri, ya kuma ga yunwar 2005 a Keita da Buza, ba zai raina mai cin fara kyauta ba. Ba na cewa shamuwa za ta iya tare farar dango, wannan ta fi ƙarfin tsuntsu. Farar gida, mai ɓarna kaɗan-kaɗan kowace damina, ita take ragewa.

Nan ne damuwata take. Idan aka fesa guba a gona, farar da ta sha magani ta kasa tashi ita ce ta fi sauƙin kamu, ita shamuwa za ta cika ciki da ita ta kai wa 'ya'yanta. Mu ma masu cin soyayyar fara ne, matanmu na kamunta da asubar ɗari suna kaiwa kasuwa. Akwai wata hanyar. Tun 1989 shirin bincike na LUBILOSA ya fara aiki a kan wani naman gwari mai kashe fara kaɗai, aka gwada shi a Nijar, ya fito da sunan Green Muscle. Yana ɗaukar mako ɗaya zuwa uku kafin ya yi aiki, abin da ke sa manomin da ke kallon gonarsa na ƙarewa ya ƙosa, amma ba ya cutar da tsuntsu, tsuntsun ma yana taya shi aiki. Ya kamata a ce irinsa ne ke hannun ma'aikatan gona a Madawa da Buza, ba kwalaben da ake sayarwa a kasuwa ba tare da an san abin da ke cikinsu ba.

Sai maganar itace. Adar ta nuna wa duniya cewa ana iya mayar da itace inda ya ƙare. Tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara jera layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska. A 1984 aka buɗe babban aikin Keita da kuɗin Italiya da taimakon hukumomin abinci na duniya, FAO da PAM, mata suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka ana biyansu da abinci, aka farfaɗo da fako, aka dasa miliyoyin itatuwa. Sai dai yawancin wannan dashe a gona da kan tudu yake. Itacen da shamuwa ke so shi ne babban nan na cikin gari, mai manyan rassa, wanda kakanni suka bari. Idan ya tsufa ya faɗi, ko aka sare shi don a ja katanga, ba kasafai ake dasa wani a gurbinsa ba, tsamiya kuwa sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta iya ɗaukar sheƙa.

A lissafin duniya ba a sa shamuwa cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa ba, ko da yake ana ganin yawanta na raguwa. Ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi kowace shekara tun 1967, a tsakiyar Janairu ake yinta, lokacin da ko ɗaya babu a ƙasarmu. Mu kuwa da take haihuwa a tsakar gidajenmu, ƙidayarta ba ta bukatar jirgi ko madubin hangen nesa. Malamin makarantar boko ko na allo a Tama, a Azarori, a Karofan, zai iya ware littafi guda, ɗalibansa su rubuta ranar da aka fara ganinta, ranar ruwan shuka, yawan sheƙa, da irin itacen da kowace take kai. Watan Yuli ya fi dacewa da ƙirgen sheƙa, lokacin da 'ya'yan suka girma har ana hango kawunansu daga ƙasa.