Digirin Gudanar da Ayyukan Injiniya: Me Ke Jiran Mai Shi a Dutse?

A majalisun Yalwawa da ke Dutse, da zarar an ce wane ya tafi karatun gudanar da ayyukan injiniya, sai ka ji wani ya ce, "Ai shi ke nan, ga Injiniya ga manaja." Maganar da daɗin ji, amma da gyara a cikinta.

Laƙabin Injiniya dai ba wannan takarda ke bayar da shi ba. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista a Nijeriya, kuma abin da take nema shi ne digirin injiniya da ta amince da shi, da aƙalla shekara huɗu ana aiki. Wanda ya karanta kasuwanci ya ɗora digiri na biyu a gudanarwa bai cika wannan sharaɗi ba, komai kyan sakamakonsa. Abin yana damuna, domin akwai uban da zai sayar da hatsinsa ya biya kuɗin makaranta bisa wannan zato.

Kujerar manaja kuwa, babu ɗan kwangilar da zai damƙa gada ga yaron da bai taɓa shan rana wajen zuba kankare ba. Karatun yana amfanar wanda ya riga ya san filin aiki: ya iya ƙiyasta kuɗin siminti da rodi, ya tsara abin da za a gama kafin damina, ya karanta yarjejeniyar kwangila ya gano inda za a yi asara.

Sai masu cewa a Jigawa babu aiki, dole sai Legas ko Abuja. Gaskiya ne manyan masana'antu sun yi mana ƙaranci. Amma tun da Dutse ta zama babban birnin jiha a 1991 gini bai tsaya ba. An buɗe filin jirgin sama a 2014, layin dogon Kano zuwa Maraɗi da kamfanin Mota-Engil ke shimfiɗawa yana da reshe zuwa Dutse, ga KEDCO mai rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa. Ofishin tantance kwangiloli na jiha ma masu wannan ilimi yake buƙata, domin kafin a biya ɗan kwangila sai wani ya je ya auna titin, ya gwada da abin da aka rubuta a takarda.