Masar da Inna ta kawo daga dutse

A ranin 1987 Inna ta dawo daga aikin furoje da wani abu ƙulle a bakin zanenta. Lokacin nan matan ƙauyukan Keita ba su da zance sai na ɗaukar duwatsu. Tun 1984 Italiya ta zuba kuɗi, hukumar FAO ta riƙe aikin, hukumar PAM tana biyan mutane da abinci, su kuwa mata suna jera duwatsu a fako don tare ruwan da ke kwashe ƙasa. Ta kwance ƙullin ta miƙo mini. Dutse ne girman masa, da ɗan tudu a baya kamar masa, ga kuma zanen tauraro mai rassa biyar, sai ka ce da allura aka zauna aka tsattsaga shi.

"Inna, wa ya sassaƙa wannan?"

"Ina na sani, ɗan nan? Dutse muka fasa, ya faɗo daga ciki."

Kawu ne ya fara yanke hukunci. Ya ce kayan fataken da ne, irin su wuri, wani ya yar a hanya. Da na yarda, don yankinmu na Adar hanya ce ta ayari tun kaka da kakanni. Amma washegari na bi Inna har bakin ƙoramar da suke aiki, inda ruwa ya yanke gaɓa kamar da wuƙa. Can sama jar marmara ce. Ƙarƙashinta laka mai ɓamɓarewa falle-falle. Sai wani farin dutse mai ratsin ɗorawa, shi kuwa cike yake maƙil da katantanwa da makankari, manya da ƙanana, duk sun zama dutse. Na bi gaɓar har ƙafata ta gaji, farin layin bai yanke ba. Wane falke ne zai zubar da kaya haka, ya kuma cusa su cikin dutse?

Kaka ta juya abin a tafin hannunta ta ce, "Ruwan Ɗufana ne, jikalle." Ban yi mata gardama ba, wa ni! Na dai riƙe kalma ɗaya daga bakinta: ruwa. Sai na ce a raina, to ko tabkin Keita ne ya taɓa cika har ya haura tudu? Na je bakin tabkin na tsinto katantanwa cike da aljihu, na jera su kusa da nawa. Waɗansu sun ɗan yi kama. Mai tauraron nan kuwa ko ɗan'uwansa na nesa ban samu ba.

Shekara bakwai dutsen yana cikin akwatina. Sai a lakwal a Tawa, ranar da mushe, malaminmu, ya buɗe littafi ya nuna mana hoton wata halitta da ake kira bushiyar teku, na ji gabana ya faɗi. Idan ta mutu ƙayoyinta suka zube, ƙoƙonta ne ke saura, da taurarona a bayansa. Mushe ya ce ba ta rayuwa a tabki ko a gulbi, sai a ruwan gishiri.

Maimakon in huta, sai kaina ya ƙara ɗaurewa. Daga Keita zuwa gaɓar teku ta Kwatano ya fi kilomita 900. Da na kai masa dutsen, ya ce ba bushiyar ce ta yi tattaki ba, tekun ne ya zo. Tsakanin shekaru miliyan 100 da miliyan 50 da suka wuce, wani reshen teku marar zurfi ya sha ratsa inda Sahara take a yau, yana shigowa yana ja da baya. Keita da Buza da Madawa duk suna ƙarƙashinsa, haka Sakkwato, inda aka haƙo ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku aka raɗa masa Goronyosaurus, saboda garin Goronyo. Farin dutsenmu ya kai shekara miliyan 60. Da tekun ya janye, ƙasa mai ƙarfe ta rufe shi ta daskare ta zama marmara, sannan ruwan damina ya yi ta zaizayar kwaruruka har Majiya da Tarka suka samu. Ashe tudun da muke hawa gindin teku ne da ya rage.

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai mushe ya aiki wani yaro ya sayo lemun tsami. Ya kankare gefen dutsen da wuƙa, ya matsa a kan garin. Muka sunkuya. Ga kumfa ƙanana suna tasowa, har da 'yar ƙara, kamar an buɗe kwalbar lemo.

"To, wannan iskar daga ina?" in ji shi.

Nan ne abin ya fi burge ni, har yau. Iskar kabon ce, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. A can da tana yawo a sama, ruwa ya shanye ta. Ruwan sama kuma ya narko kalsiyam daga duwatsun tudu, gulabe suka kai shi teku. Bushiyar da makankari suka haɗa biyun suka gina ƙoƙonsu. Suka mutu, 'ya'yansu suka mutu a kansu, bisa kan bisa, har nauyi ya matse su suka zama dutsen farar ƙasa. A cikin kowane tan ɗaya na wannan dutse akwai iskar da ta kai wajen kilo 440 a kulle. Mu da lemun tsaminmu mun saki kaɗan ne kawai.

Masu sakinta da yawa suna Malbaza, a kan hanyar Madawa zuwa Ƙwanni, inda tun shekarun 1960 ake gasa irin wannan dutse a yi siminti, kamar yadda ake yi a Kalambaina ta Sakkwato. Wutar murhun takan kai digiri 1,450. Iskar ta fice ta koma sama, daga nan gero ya shaƙi rabonsa, teku ya shanye nasa, saura ya tsaya yana ƙara wa duniya zafi. Ruwan damina ma yana nasa aikin a hankali: yana lasar farin dutsen, ya gangara da kalsiyam cikin rijiyoyi, shi ne farin dattin da ke manne wa gindin butar shayi. Wanda ya bi Tarka a shekarar ruwa yakan faɗa gulbin Rima, daga can sai Kwara, sai teku, inda wani makankarin ke jiransa.

Bara da muka yi wa ɗakin Inna daɓen siminti, na gaya mata da 'yan'uwan masarta aka yi shi. Ta dubi ƙasan, ta dube ni, ta ce in tashi mata daga kai tun bai bushe ba.