Sayar Da Gida Da Ɗan Haya A Ciki: Wa Zai Ɗauki Asarar?

A garuruwan Gashuwa da Nguru da ke arewacin Jihar Yobe, sau da yawa ɗan haya ba ya jin labarin an sa gidan da yake ciki a kasuwa sai ranar da dillali ya yi sallama da baƙi suna leƙen ɗakuna. Abin da kan biyo baya shi ne saƙon mai gida cewa a nemi wani wuri kafin ƙarshen wata, domin mai saye ya ce ba zai biya ba sai gidan ya zama fanko.

Matsalar ta ƙara tsanani ne tun daga shekarar 2013 da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda ta jawo malamai da ɗalibai masu neman muhalli. Ambaliyar ruwan 2022 ta rushe gidaje da dama a yankin Bade, sannan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya tura farashin kayan gini sama. Magidancin da bashi ya kama, ko jarinsa ya karye, ba shi da kadarar da ta fi gida saurin zama kuɗi.

To amma ciniki ba ya kashe haya. A dokar ƙasa, wanda ya sayi gida da ɗan haya a ciki ya gaji yarjejeniyar da ya tarar har wa'adinta ya cika. Haka kuma hukuncin yake a mazhabar Malikiyya da kotunan Shari'a ke bi. Dokokin karɓar gida a yawancin jihohi sun tanadi cewa, idan babu wani sharaɗi a rubuce, mai biya shekara-shekara a ba shi sanarwar wata shida, mai biya wata-wata kuwa wata guda, sa'an nan a ƙara da ta kwana bakwai kafin a tafi kotu. Cire rufi ko zubar da kaya waje ba ya cikin hanyoyin da doka ta amince da su.

Duk da haka bai kamata ɗan haya ya jingina da kuskuren sanarwa kawai ba. A shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes a shekarar 2021, an bayyana a Kotun Ƙoli cewa shigar da ƙara na iya gyara kuskuren da ke cikin sanarwar.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne wajen lissafi. A ɗauka malami ya biya N120,000 na shekara a watan Janairu, aka sayar da gidan a ƙarshen Afrilu. Mai gida zai ga ya yi adalci idan ya mayar masa da N80,000 na wata takwas da suka rage. Alhali kuwa kuɗin nan na tsohon farashi ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamban 2024, kuma a irin wannan yanayi N80,000 ba za ta kama gida makamancinsa ba, balle a yi maganar la'adar dillali da kuɗin motar kwashe kaya. Tun da gida fanko ya fi daraja a idon mai saye, tashin ɗan haya da wuri riba ce ga mai gida. A ganina, daga cikin wannan ribar ya kamata a biya kuɗin ƙaura, a kuma rubuta a gaban shaidu.

A ƙauye irin Dagona, wanda aka fi sani da tafkin da tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu, hayar ba ta da yawa, kuma galibi da baki ake ƙulla ta. A nan rasit, ko shaidar bulama, shi ne makamin malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da aka turo aiki.

Shi ma mai saye yana da dalilin yin haƙuri. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sayar da gida mai takardar mallaka ta jiha ba ya tabbata sai da amincewar Gwamna, a karkara kuwa sai da ta Ƙaramar Hukuma. Takardun nan kan ɗauki watanni kafin su fito, wani lokaci ma fiye da abin da ya rage wa ɗan hayar da ake gaggawar tayarwa.